Ja ko Gudu: Tarihin Haƙoran Aksil a Hanyar Kurfi da Dutsin-Ma

A ƙarƙashin tsohuwar Fijo mai ja da baya, daidai tsakanin tayoyin baya, akwai wani ƙarfe mai kumburi kamar tulu. Fasinja ba ya ganinsa, mai motar ma ba ya tunawa da shi sai ranar da ya fara kuka. A cikin tulun nan akwai ƙarafa biyu masu haƙora da suke cizon juna, ƙarami da babba. Kanikawa suna kiransu finiyan da kirawun, su kira abin gaba ɗaya aksil. A salun ta Peugeot 504, finiyan yana da haƙora 9, kirawun yana da 35. Waɗannan alƙaluma biyu su suke yanke hukunci a kan halin mota: ko ta zabura daga tsaye kamar dokin folo a filin Katsina, ko ta tashi a natse ta miƙa wuya kamar raƙumin Azbin, ta yini tana tafiya ba ta nemi ruwa ba.

A Amurka da Turai, masu motocin tsere da na ƙawa suna kashe kuɗi mai yawa don a buɗe wannan tulu, a fitar da haƙoran da kamfani ya sa, a saka waɗanda za su ƙara wa motar zabura. Nishaɗi ne a wurinsu, da son a riga abokin karawa barin layi. A hanyar da ta taso daga Katsina ta ratsa Kurfi ta sauka Dutsin-Ma, tafiyar kilomita 60 ko kusa da haka, ba a cika ganin irin waɗannan motoci ba. Amma tambayar da take bayan aikin ta daɗe a nan: ja ake so ko gudu? Amsarta ta sauya sau da dama, kuma kowane sauyi daga wajen gareji ya zo: daga irin kayan da ake ɗauka, da garin da gwamna yake zaune, da darajar Naira, da tsoron hanya, da kuɗin litar mai.

Lissafin ba shi da wuya. Injin mota yana juyawa sau 3,000 ko 4,000 a minti ɗaya, amma ƙarfin murɗawarsa bai isa ya motsa mota daga tsaye ba. Taya kuwa ba wannan saurin take buƙata ba, ƙarfi take so. Aikin giya da aksil musaya ne: a karɓi sauri, a bayar da ƙarfi. Idan finiyan mai haƙora 9 yana juya kirawun mai 35, sai farfela, wato dogon ƙarfen da yake kawo juyi daga giyabos zuwa baya, ta juya sau 3.89 kafin taya ta juya sau ɗaya, ƙarfin da ya isa tayar kuma ya ninka sau 3.89. Wannan adadi shi ne rabon aksil. Idan ya yi sama, an sami aksil mai ja. Idan ya yi ƙasa, an sami aksil mai gudu.

A ɗauki tayar 504, wadda take cin kusan mita 2 a kowane juyi. A gudun kilomita 100 cikin sa'a, tana juyawa kusan sau 833 a minti. A giya ta huɗu, inda inji da farfela suke juyawa daidai wa daida, aksil mai 3.89 zai sa inji ya riƙa juyi kusan 3,240. Da za a sa mata mai 4.75, sai ƙarfin ja a kowace giya ya ƙaru da kashi 22 cikin 100, amma injin ya hau juyi kusan 3,960 don ya riƙe wannan gudun. Ƙarar ta ƙaru, zafin ya ƙaru, shan mai ya ƙaru, kuma motar da a kan takarda za ta kai kilomita 154 a juyi 5,000 sai ta tsaya a 126. Injin bai sami ƙarin ƙarfi ko na anini ba. An dai sake raba wanda yake da shi. Taura biyu ba ta taunuwa.

Tulun yana da aiki na biyu, wanda shi ne ma asalin ƙirƙirarsa. Idan mota ta shiga kwana, tayar waje tana cin ƙasa fiye da ta ciki, don haka dole ta fi ta saurin juyi. Wasu ƙananan haƙora a cikin kirawun su suke ba kowace taya damar juyawa da saurinta. Wani Bafaranshe, Onésiphore Pecqueur, ya yi rajistar wannan dabara a 1827, tun mota tana amfani da tururi. James Starley na Kobantiri a Ingila ya sa ta a keke mai ƙafa uku a 1877. A jajibirin Kirsimeti na 1898, Louis Renault ya hau wani titi mai tudu a unguwar Montmartre ta birnin Faris da ƙaramar motar da farfela take juya aksil ɗinta maimakon sarƙa, kuma a daren ya sami masu saye. Dabarar tana da aibi ɗaya da duk direban ƙauye ya sani: ƙarfi yana gudu zuwa tayar da ta fi sauƙin juyi. Shi ya sa idan mota ta kafe a rairayin rafi, taya ɗaya take ta wulwulawa tana haƙa rami, ɗayar tana zaune a kan ƙasa mai ƙwari ba ta ko motsi.

Abin da ya sa wannan ƙarfe ya fi muhimmanci a tsakiyar ƙasar Katsina fiye da wurare da dama shi ne jirgin ƙasa bai taka nan ba. Dogo ya isa Kano a 1911. Reshen da ya tashi daga Zariya ya bi ta Funtuwa da Gusau ya ƙare a Ƙaura Namoda a 1929. Birnin Katsina da Kurfi da Dutsin-Ma suka zauna a tsakanin layuka biyu, babu wanda ya kusance su. Sai a 2021 aka aza harsashin layin Kano zuwa Maraɗi ta Katsina. Saboda haka duk buhun gyaɗa da duk dilar auduga da aka noma a ƙasar 'Yanɗaka ko ta Maraɗin Katsina, sai ta hau jaki, ko raƙumi, ko mota, kafin ta ga tashar jirgi ko injin gurzar auduga na Funtuwa.

Motar wancan zamani babba ce mai bodin katako, Bedford ta Ingila, daga baya Mercedes 911 ta Jamus. Hanya burji ce mai gargada, da rafuka da ake ratsawa ta cikin rairayi, lodi kuma ba a auna shi da sikeli, da ido ake yi. A irin wannan hali babu wanda yake tambayar iyakar gudun mota. Abin tambaya shi ne ko za ta iya fita daga gangaren rafi da kayanta, ko sai an sauke rabi yaran mota sun tura. Aksil mai ja shi ne sarki. Wasu manyan motocin Ingila suna zuwa da aksil mai rabo biyu, wanda direba zai zaɓa da ɗan maɓalli a jikin sandar giya: na ja idan an yi lodi, na gudu idan za a komo fanko. Wannan ita ce hanya mafi gaskiya da aka taɓa bi don kauce wa zaɓin, sai dai tsada da nauyi sun hana ta sauka zuwa ƙananan motoci.

Ƙaramar motar da ta fara karɓuwa sosai ita ce Peugeot 404, wadda ta fito a 1960. Aksil ɗinta na daban ne. Maimakon finiyan da kirawun irin na yau, dunƙulen ƙarfe ne mai zare kamar noti, yana murza faifan tagulla. Kamfanin ya riga ya raba wa kowace irin aikinta: salun tana da zare 5 da haƙora 21, wato 4.2, ta kaya tana da 4 da 19, wato 4.75. Bambancin kashi 13 cikin 100 ne kacal, amma shi ne tsakanin motar ma'aikaci da a-kori-kurar da take kwasar buhunan gero ranar kasuwa. Faifan tagullar yana son mansa na musamman, kuma man giya na yau da kullum yana cin sa a hankali. Aksil da dama sun mutu ba don nauyin kaya ba, sai don an zuba musu man da ya samu a kusa.

Sunan da Fijo ta yi a Afirka, a filin tsere ta fara yin sa, kuma a nan ne labarin motar tsere ya haɗu da na motar haya. Gasar Safari ta Gabashin Afirka, mai tsawon kusan kilomita 5,000 cikin laka da ƙura, 404 ta cinye ta a 1963 da 1966 da 1967 da 1968. A 1963 motoci 7 kaɗai suka kai ƙarshe, Nick Nowicki yana gaba a cikin 404. Ƙanwarta 504, wadda ta fito a 1968, ta ci Safari a 1975 a hannun Ove Andersson, ta ci gasar Maroko a shekarar a hannun Hannu Mikkola, sannan samfurinta mai ƙofa biyu da silinda 6 ya sake cin Safari a 1978 da Jean-Pierre Nicolas. Masu shirya motar irin wannan gasa suna zaɓar rabon aksil gwargwadon hanyar da za a bi: mai ja inda kwana da tudu da laka suka yi yawa, mai gudu inda fili ya miƙe. Lissafin da injiniyan Faransa yake yi da takarda kafin gasa, shi direban Dutsin-Ma yake yi da kunne da tafin ƙafa.

Shekarar 1975 ita ce mahaɗar hanya. A cikinta masana'antar Peugeot ta Kakuri a Kaduna ta fara harhaɗa motoci. A cikinta kuɗin Udoji suka shiga aljihun ma'aikata. A cikinta kuma cutar kuturtar gyaɗa ta ƙarasa abin da farin 1972 zuwa 1974 ya bari, noman gyaɗa na fitarwa waje bai sake komawa yadda yake ba. Kayan da suka fi kawo kuɗi a hanya suka tashi daga buhu suka koma mutum. Gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya mai da Dutsin-Ma hedikwata, da sakatariya da ma'aikata da rancen mota. Gwamnatin soja ta lokacin kuma ta mai da 504 motar hukuma. Babban birnin jiha a lokacin Kaduna ne, tafiya mai nisa ta kudu, a bi ta Funtuwa da Zariya. Doguwar tafiya a kan kwalta aksil mai gudu take so. Salun mai haƙora 9 da 35 ta dace da wannan zamani kamar an auna.

Ga 'yan haya kuwa, wagon ce uwa. Kujeru layi uku, fasinja 7 a ƙa'ida, inji mai girman cc 1,971, da aksil ɗin baya na ƙarfe guda wanda yake zaune a kan sifirin huɗu, biyu kowane gefe. Kamfanin ya ba ta rabo mai ja fiye da na salun, ya ba a-kori-kura wanda ya fi na wagon ja. Tunda dangi ɗaya ne, kayan wannan suna kama da na waccan, sai ƙofar gwaji ta buɗe ga kanikawa. Wanda yake jigilar kayan lambu daga bakin madatsar Zobe, wadda aka kammala a 1983, yana son haƙoran da za su fitar da shi daga fadama da kwandunan tumatir har saman rufi. Wanda yake dogon zango da fasinja yana son waɗanda za su kwantar da kukan inji, ya yi sawu biyu kafin rana ta faɗi.

Aikin kansa ba na kowa ba ne, kuma a ganina shi ne ma'aunin bakanike na gaske a wancan zamani. Finiyan da kirawun tare ake goge su a masana'anta har su saba da juna, don haka tare ake canza su. Wanda ya haɗa finiyan wannan da kirawun waccan ya sayi kuka. Sai an daidaita zurfin da finiyan zai shiga da wasu siraran wasa-wasai, an bar ɗan wasa tsakanin haƙora wanda bai kai kaurin farce ba, sannan a shafa launi a jikin haƙoran a juya, a duba inda suka taɓa juna. Idan tabon ya zauna a tsakiyar haƙori, aiki ya yi. Idan ya karkata gefe, motar za ta yi tafiya, amma da wani siririn kuka da yake tashi idan an taka totur ya kwanta idan an ɗaga ƙafa, kuma haƙoran ba za su yi tsawon rai ba. Ba a koyon wannan da baki. Sai yaro ya shekara yana wanke ƙarafa da kananzir yana kallon hannun maigida.

Ranar 23 ga Satumba, 1987 aka ƙirƙiri Jihar Katsina, sai alƙiblar tafiya ta juya. Mai neman sa hannu a ma'aikata ya daina kwana a hanyar Kaduna, ya koma bin arewa ta Kurfi, tafiyar sa'a guda. Gajeren zango ne mai yawan tsayawa: a sauke a nan, a ɗauka a can, a rage gudu a cikin gari, a sake tashi. Motar da take tashi daga tsaye sau da yawa da cikakken lodi, ja ya fi mata amfani a kan iyakar gudun da ba za ta samu filin kaiwa ba.

Sai dai kafin wannan lissafi ya zauna, tushen abin ya girgiza. Tsarin tsuke bakin aljihu na gwamnatin Babangida, da kasuwar musayar kuɗi da aka buɗe a Satumbar 1986, sun karya darajar Naira. Sabuwar Fijo ta fi ƙarfin ma'aikaci, balle direban haya. Kaduna ta ci gaba da fitar da 504 har tsakiyar shekarun 2000, fiye da shekara 20 bayan Faransa ta daina ƙera salun ɗinta, amma kasuwa ta riga ta koma ga motocin Kwatano da 'yan Beljiyam. Wadda ta gaji wagon a tashoshin Katsina ita ce Volkswagen Golf, musamman samfuri na 3 da aka fara ƙerawa a 1991, da 'yar'uwarta Sharan.

A nan ne sana'ar buɗe aksil ta fara ja da baya, ba don an daina buƙatarta ba, sai don tulun ya ɓace. Golf da tayoyin gaba take ja. Injinta a gicciye yake, kuma haƙoran ƙarshe suna cikin giyabos, a kwanso ɗaya. Peugeot ma ta bi wannan hanya. 505 ita ce ta ƙarshe a motocinta da take ja da baya, 406 da gaba take ja. Buɗe giyabos don a canza rabo aiki ne mai tsada da wahala, alhali ga tsohon giyabos na Beljiyam a kasuwa, a kwance wannan a ɗaura wancan cikin yini ɗaya. Abin da ba a cika lura da shi ba shi ne Volkswagen ta ƙera giyabos iri-iri ga Golf ɗaya, kowane da harufansa a buge a jikin kwanso, kuma na injin dizal ya fi na ƙaramin injin fetur rabo mai gudu, domin dizal ba ya son juyi mai yawa. Direba zai karɓi motarsa daga gareji ya ce ta yi nauyi, ba ta tashi, ko ya ce ta koma kuka a giya ta biyar tana shan mai. Sai a zargi inji, a zargi fulogi, a zargi man da aka sha. Sau da yawa amsar tana cikin haruffa ukun nan da babu wanda ya karanta. A zamanin Fijo da gangan ake canza rabo. A zamanin Golf ana canza shi ba a sani ba.

Inda ilimin ya tsira da ransa shi ne a kan babur. Sarƙa da faifai biyu masu haƙora, ƙarami a gaba babba a baya, su ne aksil ɗin babur, kuma a fili suke, kowa yana iya ƙirga su. A ce na gaba yana da 14, na baya 42: rabo 3 ke nan. A sa na baya mai 45, ya zama 3.21, ja ya ƙaru da kashi 7 cikin 100. A bar na baya a sa na gaba mai 15, ya sauka 2.8, inji ya huta a kan kwalta amma ya yi nishi a tudu. Aikin da mai motar tsere a Amurka yake biyan ɗaruruwan daloli a kansa, ɗan acaba mai Bajaj Boxer yana yin sa a gindin bishiya kafin shayinsa ya huce. Wanda yake ɗauko buhu biyu na masara daga ƙauyen da mota ba ta shiga da damina ya san faifan da yake so, haka ma wanda yake zirga-zirga da ɗalibai bayan da aka kafa Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma a 2011.

Wannan sauƙi yana da ɗaci. Babur ɗin da zai ratsa rairayi da jigawa ɗauke da buhu biyu, zai ratsa su ɗauke da mutum uku da bindigogi. Dajin Rugu yana yamma, ta Safana da Batsari da Ɗanmusa, kuma fifikon 'yan bindiga a kan jami'an tsaro bai taɓa zama iyakar gudu ba. Iya bin inda mota ba ta bi ne. Dokar da Gwamna Aminu Bello Masari ya sa wa hannu a ƙarshen Agustan 2021 ta nuna hukuma ta gane haka: ta hana goyon mutum uku a babur, ta hana sayar da fetur a jarka, ta hana cinikin tsofaffin babura a kasuwar Charanci, ta dakatar da cinikin dabbobi a kasuwanni da dama har da ta Dutsin-Ma. A watan Satumba aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13, Kurfi da Dutsin-Ma suna ciki. Ga direban haya kuwa, zabura ta tashi daga abin alfahari ta zama abin tsira. Wanda ya hangi an tare hanya, daƙiƙun da zai ɗauka ya juya ya tashi su ne komai, kuma Golf mai fasinja biyu a gaba, huɗu a baya, da but a buɗe an ɗaure kaya da igiya, ba ta da waɗannan daƙiƙu, ko wane irin giyabos aka ɗaura mata. Nauyi yana cinye duk abin da haƙora suka bayar.

Sauyi na baya-bayan nan daga gidan mai ya zo, kuma Amurka ta riga mu ganin irinsa. A shekarun 1960, lokacin da mai yake da arha a can, samari masu tseren mita 402 a miƙe suna alfahari da aksil mai 3.73 ko 4.11, wannan na biyun haƙora 9 ne da 37, biyu kacal ya ɗara na 504. Da ƙasashen Larabawa suka hana su mai a Oktoban 1973, sai gwamnati ta ƙayyade gudu a mil 55, kusan kilomita 89, a farkon 1974, kamfanoni kuma suka koma sa rabo na ƙasa da 3, irin su 2.73 da 2.56. Motocin suka yi sanyi, amma tanki ya daɗe. Mafitar da injiniyoyi suka samu daga baya ita ce ƙara yawan giya: ta farko mai ja sosai, ta ƙarshe mai gudu sosai. Motar zamani mai giya 6 ko 8 ta kusa tauna taura biyun, shi ya sa canza aksil a yau ya fi zama sha'awar masu tsofaffin motoci da 'yan tsere.

A Najeriya ranar ita ce 29 ga Mayu, 2023, da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da ƙarshen tallafin mai. Litar da ake saye ƙasa da Naira 200 ta haura 500 cikin kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta wuce 1,000 a wurare da dama. Direban da a da yake yabon motarsa da tashi, yanzu da yawan sawun da take yi da lita goma yake yabonta. Hankali ya koma ga rabo mai gudu: ƙaramin faifai a bayan babur, babbar taya a mota, domin ƙara girman taya daidai yake da rage rabon aksil. Amma tsadar man nan ita ce kuma take tilasta ƙarin lodi, tunda kuɗin mota ba ya tashi da saurin kuɗin lita. Abubuwan biyu ba sa jituwa. Motar da aka ba rabo mai gudu aka kuma danƙara mata kaya ba ta iya riƙe giya ta biyar. Direba zai yini tsakanin ta uku da ta huɗu, totur a ƙasa, kuloci yana ƙonewa a kowane tashi. Man da aka yi niyyar adanawa ya tafi, ga kuɗin kuloci a kai. Rabo mai gudu yana biya ne ga motar da ba ta da nauyi a kan hanya mai tsawo, kuma hanyar Kurfi ba ta cika ba da ko ɗaya daga cikin biyun ba.

Akwai kuma abin da malejin yake faɗa. A 504 da ire-irenta, igiyar maleji daga wutsiyar giyabos take karɓar juyi, kafin aksil, don haka ba ta san an canza haƙora ba. Idan an sa aksil mai ja, allura tana nuna fiye da gudun gaskiya, wannan da sauƙi. Idan an sa mai gudu, tana nuna ƙasa da shi. Girman taya kuwa kowace mota yake ruɗawa, tsohuwa da sabuwa, domin maleji juyi yake ƙirgawa, ba ƙasar da aka ci ba. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, ta ƙayyade wa motocin haya kilomita 80 a irin wannan hanya. Idan taya ta ɗara ta asali da kashi 7 cikin 100, direban da yake ganin 80 a gabansa yana kan kusan 86. Tazarar birki kuma ba daidai da gudu take ƙaruwa ba, ninkin gudun a kan kansa take bi. A kan busasshiyar kwalta, da birki mai lafiya da taya mai kyau, mota tana buƙatar kusan mita 36 ta tsaya daga 80, da kusan mita 41 daga 86. Mita biyar ɗin da suke tsakani sun ɗara tsawon wagon ɗin kanta, kuma wannan lissafin motar da ba a yi wa lodi ba ne.